'Yar Auta a Cikin Airis Marasa Suna

Duk wanda ya taɓa haƙar saiwar furen airis a yankin Maldon ya san ƙa'idar. Ka tono saiwar, ka kakkaɓe ƙasar, ka rage ganyen ya tsaya kamar mafici, sannan tun tana hannunka ka rubuta sunanta a kan ganyen tsakiya da baƙin alƙalami. Ba a jira a gama layi, ba a cewa bari in kurɓi ruwa tukuna. Saiwar airis in ta bar ƙasa duk kamarsu ɗaya, kamar ɗanyar citta a tire, kuma furen da zai raba gardama ba ya fitowa sai Oktoba.

Glenys Trewin ta san wannan tun tana budurwa, yanzu kuwa ta ba saba'in baya. Ita ce mai rubutun a gonar yayanta Hedley, shi kuma shi ne mai sunayen. Tun shekarar da fararen aku suka koyi tumɓuke alamomin da yake kafawa a bakin layi, Hedley ya yi fushi ya daina kafawa gaba ɗaya, ya ce kansa ya ishe shi. Kuma a gaskiya ya ishe shi, shekara da shekaru. Sai ga shi kan ya fara yoyo. Ya ɗora buta a wuta ya tafi gona, ya tuƙa mota zuwa Bendigo ya rasa hanyar gida. Ba yadda suka iya, aka sayar da gonar ga masu noman inabi, su kuma suka ce ƙarshen Janairu garma za ta shiga, abin da aka bari a ƙasa an bar shi ke nan.

Da safe kan Hedley garau yake, don haka da safe suke haƙa, kafin rana ta fara dukan mutum. Shi yana zaune a kujerar roba da malafarsa, ita tana durƙushe da alƙalami.

"Wannan fa?"

"Haba Glenys. Shekara nawa kina cin arzikin gonar nan, har yau ba ki san Amaryar Sarki ba?"

"Arzikin me na ci? Shayin da nake dafa wa baƙinka?"

"Rubuta dai. Kuma ki rubuta yadda mutum zai karanta, ba wannan tafiyar kazar taki ba."

"In rubutuna bai yi maka ba, tashi ka durƙusa."

"Gwiwar ba tawa ba ce yanzu, ta likita ce."

Ranar ƙarshe suka zo kan 'Yar Auta. Ita ce aure na ƙarshe da Hedley ya haɗa da hantsakinsa, ya ɗebo garin wannan fure ya shafa wa wancan, ya jira iri, ya shuka, ya zubar da ɗaruruwa ya bar ta ita kaɗai. Launinta na shayi da madara, gemunta, wato ɗan gashin da ke leɓen furen, shuɗi. Ruɓa ta cinye yawancinta a wata damina, saura saiwa biyu rak, kuma duk duniya babu wata sai su. Bai yi mata rajista ba, kullum sai ya ce bari ya ƙara ganinta shekara ɗaya. Da Glenys ta tono su, ya karɓa da hannu biyu ya daɗe yana dubawa.

"Ke za ki yi mata rajista," ya ce. "Ni na makara. Kada ki bari ta ɓace a cikin uwarta da yayarta, don ke kam na san ba ki iya bambanta su."

"To gaya min bambancin mana."

"Rubuta sunan, shi ne bambancin."

Ta rubuta da manyan baƙaƙe a kan ganyen kowace, ta sa su a wani ƙaramin kwando daban, ta ɗora a kan benci a cikin rumfa. Washegari ta kai Hedley gidan kula da tsofaffi a Castlemaine, inda aka samar masa ɗaki. Wunin ranar a can ta yi shi, tana jera masa riguna a durowa, yana tambayarta yaushe za su koma gida. Kwashe kiret-kiret ɗin saiwoyin zuwa sabon gidanta kuwa, Rowan ya ce a bar masa.

Rowan ɗan Hedley ne, ƙaton mutum mai shekara arba'in da wani abu, mai askin tumaki. Mutum ne da ba ya iya ganin abu da tsawo ya ƙyale shi. Da ya ga ganyayen suna hana kiret hawa kan kiret a bayan a-kori-kurarsa, sai ya tuna yakan ga ana rage ganyen airis kafin a yi tafiya da ita. Ya ɗauko almakashi ya zauna. Kai, mutumin nan ya yi aiki ranar! Ɗaya bayan ɗaya ya bi su ya yi musu ƙwalkwabo, bai bar wa kowace abin da ya wuce faɗin yatsa biyu ba. Ya haɗe kiret ɗin da ba su cika ba, ya juye ƙaramin kwandon a ciki, ya share rumfar tas.

Da yamma Glenys ta iso ta same shi jingine da mota yana murmushi.

"Gwaggo, zo ki ga aiki. Sawu ɗaya zan kwashe su duka."

Ta leƙa kiret na farko, ta leƙa na biyu. Ba ta leƙa na uku ba.

"Rowan. Ina ganyen?"

"Na niƙe shi a injin niƙa rassa. Kin san an hana kunna wuta."

"Kwandon da ke kan benci fa?"

"Yana ciki. Wato, abin da ke cikinsa yana ciki." Murmushin ya fara gudu daga fuskarsa. "Gwaggo, lafiya?"

Ta zaga bayan rumfa inda injin ya tara tarin koren dusa, ta durƙusa ta cusa hannu. Nan ta ga rabin baƙi ɗaya, can ta ga wutsiyar wani. Rubutunta ne, aikin makonni, ba kalma ɗaya da ta rage a haɗe. Ta zauna a kan wani bokiti da aka kife. Ba ta taɓa jin ta rasa abin yi kamar wannan yammacin ba.

"A gonar nan aka haife ka," ta ce. "A gonar nan aka yanke maka cibi, Rowan. Ba ka ga rubutu a kai ba?"

"Na gani. Na zaci na wurin haƙa ne, an gama da shi." Ya cire hula yana murza ta. "Gwaggo, bai taɓa barina na taɓa ko ɗaya ba. Tun ina yaro, in na matso sai ya ce hannuna na jan rago ne. Ta ina zan sani?"

Ta buɗe baki za ta zazzage shi, sai ta tarar gaskiya ya faɗa. Haushin bai tafi ba, ya dai rasa inda zai sauka.

Da safe ta kira Beryl Quong, wadda ke alƙalanci a gasar furanni ta ƙungiyar masu airis, 'yar siririyar tsohuwa da ba ta taɓa yi wa kowa kara a kan suna ba. Beryl ta zo ta tsaya a kan kiret ɗin, hannu a ƙugu.

"Marasa suna ne," ta ce. "Dukkansu."

"Beryl, ɗari nawa ne nan? Aikin rayuwar mutum ne."

"Ni na yi askin? Kin san dokar kamar yadda na san ta. Wadda sunanta ya ɓace ta zama marar suna, ba a kai ta gasa, ba a sayar da ita da suna, ba a cewa ta yi kama da wance. Da kama ake laƙaba suna, da yanzu rabin lambunan jihar nan ƙarya ce a cikinsu."

"Sauran su tafi, na haƙura. 'Yar Auta nake so. Akwai hotonta."

"Hoto! Ki ɗauki hoton fure ɗaya da safe, ki sake ɗaukarsa da yamma, ki kawo min in ce miki furanni biyu ne. Na ga 'Yar Auta da idona, na ga uwarta, na ga yayarta, kuma in kika jera min su ba zan rantse ba. Mutum ɗaya ne maganarsa za ta zauna, wanda ya haɗa auren. In ya dube ta da furenta ya ce ita ce, ni da kaina zan sa hannu."

"Oktoba ke nan."

"Oktoba ke nan," in ji Beryl, ta kau da kai. Duk su biyun sun san abin da ba su faɗa ba, wato ko kan Hedley zai kai Oktoba.

Glenys ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, don haka ta sa Rowan ya loda kiret ɗin suka kai wa Hedley har farfajiyar gidan tsofaffin, ta gaya masa kai tsaye. Ya dubi saiwoyin, ya dubi ɗansa da ke tsaye can nesa kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

"Mai askin tumaki," ya ce a hankali. "Da ka bari na mutu tukuna, sai ka aske ni ni ma."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Matso min da kiret ɗin, kada ka tsaya kana min tsiyayar ido."

Abin da ya biyo baya, ma'aikatan gidan har leƙowa suka riƙa yi. Hedley yana ɗaukar saiwa, ya juya ta, ya shinshina, ya jefa gefe. Wannan doguwar mai gaɓa-gaɓa 'yar Louisiana ce, a kai ta bakin ruwa. Wannan mai jijiyoyi kamar igiya ba ta da gemu, kuma ba ta son a dame ta. Wannan ƙaramar ta daji ce, ba wanda ya haɗa ta sai Mahaliccinta. Hannunsa bai yi shakka ko sau ɗaya ba. Zuciyar Glenys ta fara dawowa mazauninta. Amma da ya gama, tarin dogaye masu gemu ya fi kowane tari girma, kuma a cikinsu 'Yar Auta take. Ya ware waɗanda gindin ganyensu ke da ɗan shunayya, ya ce danginta haka suke. Su ma sun kusa cika kiret biyar.

"Daga nan ido ba ya aiki," ya ce. "Sai ta yi fure. Ki kawo min ita da furenta, ko daga bakin ƙofa zan gane ta."

"Hedley, don Allah, gaya min yadda zan gane ta ni ma. Ko da wani abu."

"Ko da me? Ko da na haukace kafin nan?"

"Ban ce ba."

"Fuskarki ta ce." Ya yi tsaki, ya lumshe ido, ya yi ƙoƙari da gaske. "Uwar tana sunkuyar da kai. Yayar kuma rawar kai gare ta. Ita Auta kallon mutum take yi."

"Wane irin bayani ne wannan? Kafaɗar furen, ko reshen, ko tsayin, ba abin da za a auna?"

"In kin gan ta za ki gani."

"Shekara nawa ina ganinta ban gani ba!"

"To laifina ne da aka haife ki da ido na ado?"

Ta yi dariya don kada ta yi kuka a gabansa. A mota ta yi kukan.

Sabon gidan Glenys a Castlemaine ɗan filin bayansa bai fi tabarma biyu ba. Beryl ce ta yi dabara, ta kira taron ƙungiya, aka raba saiwoyin kiret biyar ɗin nan kamar marayu, kowa ya ɗauki abin da lambunsa zai iya. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: duk wanda ya ga fure mai launin shayi da madara da shuɗin gemu, ya bugo waya ko yana tsakiyar wanka ne. Aka shuka su yadda ake shukawa, bayan saiwar a waje yana shan rana. Daga nan kuma ba abin da ya rage wa kowa sai jira.

Jiran ne ya fi komai cin rai. Da a ce aiki ne, Glenys ba ta tsoron aiki. Amma airis ba ta san sauri ba, ciwon Hedley kuma bai san jira ba, ita tana tsakiya ba ta da iko da ko ɗaya. Kullum da safe takan je ta zauna da shi, ta kai masa kek ɗin citta da yake so, ta yi ta jan sa da hira kamar mai hura garwashi.

"Wace ce uwar 'Yar Auta?"

A watan Afrilu yakan faɗa har da kakarta, ya ƙara da zagin wanda ya sayar masa da kakar. A Yuni sai ya faɗi uwar ya tsaya, ya ce sauran yana bakinsa. A Yuli ya ce mata ta daina yi masa jarrabawa shi ba ɗan makaranta ba ne, sannan ya tambaye ta ko an ba kare abinci, karen da ya mutu tun Rowan yana saurayi. Wata rana kuma sai ta tarar da shi garau, yana tsokanar nas, yana tambayar ko an cire ciyawa a layin ƙarshe. Irin wannan ranar ta fi ba ta tsoro, don takan koma gida ta tsaya a kan 'yan ganyayen da ke bayan ɗakinta, tsayinsu bai kai tafin hannu ba, ta ji kamar ta kama su ta ja.

Ta tambayi Beryl ko akwai yadda za a sa su yi fure da wuri.

"Babu," in ji Beryl. "Sai sun sha sanyinsu. Ki ɗumama su su ruɓe, ko su yi fushi su ba ki ganye zalla."

Rowan bai ji wannan ba, ko kuma ya ji ya ga kamar tsofaffi ne da son wahala. Shi ma ya karɓi nasa kason, kaso mai yawa, don laifin yana cin sa. Ba tare da ya gaya wa kowa ba ya kafa musu rumfar leda a bayan gidansa, ya lulluɓe su da ciyawa, yana ba su ruwa safe da yamma kamar masu jego. A watan Agusta ya bugo waya, muryarsa ba daɗi. Tun daga bakin rumfar Glenys ta ji warin. Ta danna saiwa ɗaya da yatsa, yatsan ya nutse. Fiye da rabi sun zama kunu.

"So nake su yi sauri, Gwaggo. Saboda Baba."

"Na sani."

"Kina ganin tana cikinsu?"

"Ta ina zan sani, Rowan? Ta ina kowa zai sani?"

Wannan karon ko haushi ba ta ji ba, gajiya kawai. Suka tono waɗanda suka rage, suka yanke ruɓar, suka shanya su a rana.

Oktoba ta zo da furanninta, waya ta fara ƙara. Kash, mutane da ganin launi! Wani dattijo a Newstead ya taso ta da sassafe, ta je ta tarar da fure ja-ja kamar cingam, shi kuwa ya dage shayi da madara ne, wai haka matarsa ke haɗa masa. Wata ta kira a kan mai launin daidai amma gemunta ruwan lemo. Da yawa kuwa ba su yi furen ba sam, don airis da aka yi wa mugun aski takan ɗauki shekara tana huce haushi. Glenys ta yi ta zagaya lambunan mutane tana leƙa tsakiyar ganye ko akwai kara, ta dawo ta wuce wurin Hedley, wanda yanzu wani lokaci sai ya ɗan daɗe yana dubanta kafin ya ce Glenys.

Ta farko ta fito a lambun Beryl. Launin ya yi, gemun ya yi. Glenys ta ce a kai masa yanzu-yanzu, Beryl ta ce a'a.

"In kika kai masa ɗaya tilo, yadda yake yanzu, zai iya ce miki ita ce don ya faranta miki. A jera masa su, ya zaɓa. Akwai mai kara a wurin Rowan, akwai a bayan ɗakinki, duk launin yana nunawa a bakin toho."

"In kafin nan ya ƙara nisa fa?"

"In ya ƙara, ya ƙara. Ba zan sa hannu a kan wataƙila ba."

Glenys ta ji kamar ta shaƙe ta, amma ta san gaskiya ce. Suka yanke karan da sauran tohonsa, suka sa a ruwa a cikin firji don ya jinkirta buɗewa, suka ɗaura jan zare a karan da kuma gindin da ya fito. Na Rowan da ya buɗe aka ɗaura masa fari, na Glenys kore. Ta jera su uku a kan teburin kicin ta zauna tana kallo, tana neman wadda ke sunkuyar da kai, da mai rawar kai, da mai kallon mutum. Duk ukun furanni ne masu launin shayi da madara da shuɗin gemu. Ta yiwu ɗaya ce Auta. Ta yiwu uwa ce da 'yarta babba kawai, Auta kuwa ta tafi a rumfar leda, ko tana wani lambu ta ƙi fure. Ta kalla har idonta ya yi ruwa, ba ta ga komai ba.

Da safe suka tafi wurin Hedley su uku, ita da Rowan da Beryl, don safiya ce lokacinsa. Rowan ya riƙe bokitin a cinya duk hanya, yana yi wa Glenys faɗa a kan kowane rami. Nas ta ce ya kwana lafiya, ya ci abinci, yau da dama-dama. Suka same shi a kujera a bakin taga, an taje masa kai.

Daga bakin ƙofa Glenys ta tsaya, ta ɗaga furannin yadda zai gani. Ya juyo, fuskarsa ta washe.

"Kai!" ya ce. "Ku shigo da su mana."

Murna ta kama Glenys. Ta jera su a kan ɗan teburin da ke gabansa, ja, fari, kore. Hedley ya sunkuyo, ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, a nutse. Ya miƙa hannu ya wuce ta farko, ya wuce ta ƙarshe, ya zaro ta tsakiya mai farin zare. Ya juya ta wajen haske, ya ɗaga leɓen furen da bayan yatsa, ya shafa gemun da babban yatsansa a hankali.

"Ya zaɓa," Rowan ya raɗa. "Gwaggo, tawa ya ɗauka. Ya zaɓa."

Glenys ta dubi Beryl. Beryl, wadda ba ta taɓa sassauta wa kowa ba, ta buɗe jakarta tana laluben alƙalami.

"Ni dai na ga ya wuce biyu ya ɗauki ɗaya," ta ce ƙasa-ƙasa, ba ta yarda sun haɗa ido ba. "Ya ishe ni."

Glenys ta durƙusa a gefen kujerar, ta dafa gwiwar yayanta. Ba abin da take so a duniya kamar ta bar maganar a nan. Amma bakinta ya riga ta.

"Hedley, ita ce?"

Ya dube ta da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙuwa mai kirki. Ya sake duban furen da ke hannunsa, ya girgiza kai don mamaki.

"Wannan abu da kyau yake," ya ce. "Baiwar Allah, me ake ce wa furen nan?"

Beryl ta mayar da alƙalamin cikin jaka. Rowan ya juya ya fuskanci bango.

"Airis," in ji Glenys.

"Airis," ya maimaita, yana ɗanɗana kalmar. "Ban taɓa ganin irinsa ba."